Yadda Ake Tabbatar da Cewa Haske Ya Motsa Ilektiron da Furoton

Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Legas, ko a jami'ar da ke Akoka yake karatu ko a ta Ojo, idan ya haɗa ƙwayar sinadari mai ɓangare biyu, ɗaya mai bayar da ilektiron, ɗaya mai karɓa, da gada a tsakaninsu, yakan yi saurin yanke hukunci da zarar ya ga hasken da ƙwayar ke fitarwa ya dushe. Dushewar nan ba ta isa hujja ba, domin makamashi kan tsallaka gadar alhali ilektiron bai gusa daga wurinsa ba.

A fara da auna kowane ɓangare shi kaɗai, sannan a auna haɗaɗɗiyar ƙwayar a ruwan narkarwa iri ɗaya. Ƙarfen rutiniyam mai ɗauke da ƙwayoyin bayifiridin uku misali ne mai kyau na ɓangaren da ke kama haske: yana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 452, ya fitar da haske ruwan lemo, kuma yakan riƙe makamashin na kimanin nanosakan 600 a ruwan da babu oksijin. Saboda haka a busa agon ko naitirojin cikin kwalbar kafin awo, in ba haka ba oksijin zai ɓata lissafi. A kuma yi amfani da lissafin makamashi na masana Rehm da Weller don sanin ko tsallakawar ilektiron mai yiwuwa ce tun farko.

Hujjar da ba ta da ja ita ce ganin abin da ilektiron ya haifar a inda ya sauka. Idan aka haska leza, sinadarin metil bayolojin, idan shi ne ɓangare mai karɓa, da zarar ya karɓi ilektiron yakan koma shuɗi, yana shan haske a wajen nanomita 605.

Batun furoton ya fi buƙatar natsuwa, kuma a ganina nan ne daɗin binciken yake. Finol, irin wanda ke jikin tairosin (ɗaya daga cikin tubalan furotin), yana da pKa, wato ma'aunin yadda yake riƙe furoton, kusan 10, amma da ya rasa ilektiron sai ta faɗi zuwa kusan -2, dole ya saki furoton. Haka tairosin ke miƙa wa histidin, wani tubalin furotin, furoton a ganyen tsiro yayin raba ruwa, kuma shi masana a Jami'ar Uppsala suka kwaikwaya da rutiniyam mai haɗe da tairosin. A sauya pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daki-daki ana auna saurin tsallakawar ilektiron, sannan a maimaita a ruwa mai nauyi na diyuteriyam, wato haidurojin mai nauyi. Idan saurin ya ragu sosai, alama ce mai ƙarfi cewa ilektiron da furoton tare suke tafiya.

Danshin Legas, musamman da damina, yana shiga ruwan narkarwa irin asitonaitiril cikin sauƙi, kuma ɗan ruwa kaɗan kan karɓi furoton ya sauya sakamako. A busar da ruwan narkarwar, a toshe kwalba da kyau, a naɗe ta da takardar alminiyam don kada hasken taga ya taɓa samfurin kafin lokacin awo.