Yadda nake karantar da ƙissar Ƙaruna ba tare da yara sun zama alƙalai ba

A shekarata ta farko a Islamiyyar yamma na ba 'yan ajina ƙissar Ƙaruna da zafinta, har ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Bayan mako guda shagon wani mai kayan masarufi a layinmu ya ƙone. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi ma Allah ne Ya kama shi ko?" Ɗan mutumin yana zaune a tabarma ta biyu. Tun daga ranar na sauya tsari, ga kuma yadda nake yi yanzu da 'yan shekara 9 zuwa 12.

Kada ki fara da azaba. Fara da Suratul Fajri, aya ta 15 da ta 16, wadda yawancinsu sun riga sun haddace. Mutum idan aka yalwata masa sai ya ce Ubangijina Ya girmama ni, idan aka ƙuntata masa sai ya ce Ya wulaƙanta ni, Allah kuma Ya ƙaryata duka biyun. Ki tambaye su su wane ne suka fi kuɗi a garin Annabi Musa. In suka gane cewa dukiya jarrabawa ce, kin share fili.

Sannan ki buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 76 zuwa ta 82. Nan nake daɗewa, wani lokaci darasi biyu. Nakan kawo tarin tsofaffin makullai a leda in ba mafi ƙanƙanta ya ɗauka, su yi ta dariya, sai in ce makullan taskokin Ƙaruna kawai, ƙarfafan maza ne ke nishi da su. Amma ki lura da inda laifin yake. Mutanensa ba su ce ya watsar da dukiyar ba, cewa suka yi kada ya yi alfahari, ya kyautata kamar yadda aka kyautata masa, kada ma ya manta da rabonsa na duniya. Shi kuwa ya ce iliminsa ne ya ba shi. Wannan jumla ita nake sa su rubuta a littafinsu, ba haɗiyewar ƙasa ba. Ki nuna musu kuma masu kallon da suka yi ta cewa ina ma mu ne, da safe suka koma hamdala. Yawancinmu a wannan sahu muke, ni ma har da ni idan wata motar ta wuce.

Falalar mutanen kirki ki ɗauko ta daga Suratul Kahfi, aya ta 82: katangar da Halliru ya tayar domin marayu biyu, saboda mahaifinsu salihi ne. Uban ya rasu, bai ga sakamakon da idonsa ba. Marayun ajinki za su yi tsit a nan, ki bar su, kada ki yi gaggawar wucewa.

Za a sami mai wayon da zai ce to me ya sa azzalumin wane yake ta jin daɗi. Kada ki kame-kame. Karanta masa aya ta 42 a Suratu Ibrahim, cewa jinkiri ne ake yi musu ba mantuwa ba, ki ƙara da mutanen rami na Suratul Buruj, muminan da aka jefa wuta ba a tsamo su ba a nan duniya.

Doka ɗaya na kafa a aji: ba a kiran sunan rayayye a matsayin misali, ko maƙwabci ko ɗan siyasa. Wanda ya karya ta, shi ke naɗe tabarmi bayan an tashi.