Yadda Ake Gyara Alamomin Rubutu a Turanci, Daga Aya Zuwa Karan Ɗori

Mutane da yawa sun taso da koyarwar cewa ana sa waƙafi ne duk inda mai karatu zai ja numfashi. Wannan koyarwa ita ce ke haifar da yawancin kurakuran da ake gani a wasiƙun neman aiki da rahotannin ofis. Alamomin rubutu a Turancin yau ginin jimla suke bi, ba numfashi ba. Saboda haka gyaran yana da jeri: sai an san inda jimla ta fara da inda ta ƙare kafin a taɓa waƙafi, sai an gama da waƙafi kafin a koma kan ƙananan alamomi. Ka gama rubutunka tukuna, sannan ka bi shi da waɗannan matakai, kowane mataki da karatunsa daban.

Mataki na 1: Nemo iyakar kowace jimla

Ka nemi aikau da aikatau, wato mai yin aikin da aikin kansa. Duk yankin da ke da su biyun, kuma zai iya tsayawa shi kaɗai da cikakkiyar ma'ana, shi ne masana nahawu ke kira ganga tsayayya. "The office is closed" ganga tsayayya ce. "We will come back tomorrow" ma haka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa irin waɗannan biyun da waƙafi kawai:

The office is closed, we will come back tomorrow.

Mai jin Hausa yana da dalilin faɗawa wannan rami. A Hausa daidai ne a rubuta "ya zo, ya zauna, ya yi magana", domin haka harshen ke jera aukuwar abubuwa. Turancin rubutu bai yarda da wannan ba, waƙafi shi kaɗai ba ya iya ɗaukar ganga tsayayya biyu. Gyaran iri huɗu ne, ka zaɓi wanda ya dace da abin da kake nufi:

The office is closed. We will come back tomorrow.
The office is closed; we will come back tomorrow.
The office is closed, so we will come back tomorrow.
Because the office is closed, we will come back tomorrow.

Na uku ya yi daidai ne domin an ƙara mahaɗi bayan waƙafin. Mahaɗan da ke da wannan iko guda bakwai ne kacal: and, but, or, nor, for, so, yet. A lura, however da therefore da moreover ba sa cikinsu, duk da ma'anarsu ta yi kama da ta but da so. Idan however ta zo tsakanin ganga tsayayya biyu, aya ko waƙafi mai ruwa (;) ake sawa a gabanta, waƙafi a bayanta: "The price is fair; however, the quality is poor." Wanda ya sa waƙafi gaba da baya a nan ya sake yin kuskuren farko ne da kalma mai tsada.

Akwai kishiyar wannan kuskure, wato a sa aya bayan yankin da bai cika ba: "Although he paid on time." Kalmomi irin su although, because, when, if da since suna mayar da ganga ta zama dogarau, dole ta jingina da wata. Ka cire ayar, ka haɗa ta da jimlar da ke kusa.

Mataki na 2: Cire waƙafin da ba shi da aiki, sannan ka sa wanda ya ɓace

Fara da cirewa, ya fi sauƙi. Ba a raba aikau da aikatau da waƙafi guda, komai tsawon aikau ɗin. "The students who came late to the hall, were sent back" kuskure ne, kuma numfashi ne ya jawo shi, domin mai faɗa yakan ɗan tsaya a wurin. Haka nan ba a sa waƙafi kafin that a irin "He said that he was tired", ba a kuma sa shi bayan but ko and don kawai su ne suka buɗe jimla.

Wuraren da ake mantawa da shi kuwa su ne waɗannan. Idan ganga dogarau ta zo a farko, waƙafi na biye da ita: "When the rain stopped, we left." Idan ta koma ƙarshe, galibi ba a buƙatarsa: "We left when the rain stopped." Idan kana kiran mutum, ka ware sunansa ko laƙabinsa: "Thank you, sir." Wannan ba ado ba ne. "Help, children!" yara ake kira su kawo agaji, "Help children!" kuwa umurni ne a taimaki yara.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne ƙarin bayani a tsakiyar jimla. Dubi waɗannan biyun:

The workers who were paid went home.
The workers, who were paid, went home.

Ta farko na cewa waɗanda aka biya ne kaɗai suka tafi gida, akwai waɗanda suka rage. Ta biyu na cewa duka an biya su, duka sun tafi. Gwajin shi ne ka cire yankin ka gani. In har mai karatu zai san waɗanda ake nufi ba tare da shi ba, ƙarin bayani ne, sai a kewaye shi da waƙafi biyu. In cire shi zai sa a rasa waɗanda ake nufi, ba a sa waƙafi ko ɗaya. Biyu ko babu, amma ba guda ɗaya ba, sai fa in yankin ya faɗo ƙarshen jimla, inda aya ke rufe shi.

Sai jerin abubuwa. A "pens, books, and bags" waƙafin da ke gaban and shi ake kira waƙafin Oxford, saboda maɗaba'ar Jami'ar Oxford da ta riƙe shi a tsarinta. Jaridun da ke bin tsarin kamfanin dillancin labarai na AP a Amurka ba sa sa shi a jeri mai sauƙi, masu buga littattafai da yawa kuma suna sawa. Duk biyun daidai ne, abin da ba daidai ba shi ne a sa a shafi na ɗaya a bari a shafi na biyu. Ga wanda bai da tsarin da aka ɗora masa, sawa ta fi aminci. A jihar Maine ta Amurka, direbobin kamfanin madara na Oakhurst Dairy sun kai ƙara kan kuɗin ƙarin lokacin aiki, kuma gardamar ta tsaya ne a kan wani jeri a dokar jihar da ba shi da wannan waƙafi kafin or. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jimlar tana ɗaukar fassara biyu, ta ba direbobin gaskiya, a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.

A lambobi, waƙafi ke raba dubbai, ɗigo ke nuna ɓangaren lamba: 12,500 da 12.5. Faransanci da Jamusanci da waƙafi suke nuna ɓangaren lamba, don haka a kula in ana kwafo alƙaluma daga takardun waɗannan harsuna.

Mataki na 3: Binciki kowace alamar mallaka

Ita ce alamar nan ta sama da Hausa ke rubuta hamza da ita, kamar a sa'a da ma'ana. A Turanci aikinta biyu ne: nuna mallaka, da nuna inda aka cire harafi. Ba ta yin jam'i. "Phone's for sale" da "two day's" kurakurai ne da suka cika allunan talla, daidai shi ne "Phones for sale" da "two days". Haka ma 1990s da CDs, babu alama.

Don sanin inda za ta zauna a mallaka, ka rubuta mai abin tukuna, sannan ka sa alamar nan take a bayansa. In ɗalibi ɗaya ne, student, sai ya zama the student's books. In da yawa ne, students, sai ya zama the students' books, ba a ƙara wani s. Jam'in da bai ƙare da s ba yana karɓar alamar da s: children's, women's, men's. Babu childrens' a Turanci. Sunan da ya ƙare da s, kamar James, ana rubuta James's ko James', gwargwadon tsarin da ake bi.

Wakilan suna na mallaka ba sa ɗaukar alamar sam: its, yours, hers, ours, theirs, whose. A nan ne its da it's ke rikita har 'yan asalin harshen, domin an saba ganin alamar a wajen mallaka. It's taƙaitawar it is ne ko it has, ba ta da wata ma'ana. Duk inda ka rubuta ta, ka warware ta ka karanta. "The company lost it's licence" zai zama "lost it is licence", wanda ba magana ba ce, ke nan its ake so. Wannan gwajin shi ke raba you're da your, who's da whose, they're da their.

Mataki na 4: Alamar tambaya, ta motsin rai da ta zarce

Tambayar kai tsaye kaɗai ke ɗaukar alamar tambaya. "Where is the file?" tambaya ce. "She asked where the file was." labarin tambaya ne, aya ce ke rufe shi. "I wonder if he came" da "Please let me know when you arrive" ma aya suke so, ko da amsa kake jira. Ba a ƙara aya bayan alamar tambaya, domin ta riga ta rufe jimlar.

Alamar motsin rai guda ɗaya ta isa, a wasiƙar aiki kuma gara babu. Alamar zarce ɗigo uku ce, ba biyu ba, ba bakwai ba, kuma ba ta maye gurbin aya. Saƙon da kowace jimlarsa ta ƙare da ɗigo-ɗigo yana sa mai karatu ya zaci akwai abin da aka ɓoye masa.

Mataki na 5: Ruwa biyu da waƙafi mai ruwa

Ruwa biyu na gabatar da jeri ko bayani, da sharaɗin abin da ke gabanta ya zama cikakkiyar jimla. "Bring three things: a pen, a photo, and your ID card." Amma "The items are: a pen, a photo" bai yi ba, an yanke aikatau daga abin da ke cika shi. Haka kuma ba a sa ta bayan such as ko including.

Waƙafi mai ruwa, ban da haɗa ganga tsayayya biyu da aka gani a sama, yana raba jerin da kowane abu a cikinsa ke da nasa waƙafin: "We have offices in Paris, France; Rome, Italy; and Cairo, Egypt." Ana iya rubuta Turanci mai kyau shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. In kana shakka, sa aya.

Mataki na 6: Zaɓi tsari ɗaya, na Amurka ko na Birtaniya

Bambancin ya fi fitowa a alamar zancen wani. Amurkawa na amfani da mai ƙafa biyu, kuma suna shigar da aya da waƙafi ciki ko da ba sa cikin maganar da aka ɗauko. Mawallafan Birtaniya da yawa na amfani da mai ƙafa ɗaya, suna barin aya a waje in guntun magana aka ɗauko:

She called the plan "useless."
She called the plan 'useless'.

Alamar tambaya kuwa a duka tsarin biyu ma'ana take bi: tana ciki in maganar da aka ɗauko ce tambayar, tana waje in jimlarka ce tambayar. Amurkawa na rubuta Mr. da Dr. da ɗigo, a Birtaniya an fi rubuta Mr da Dr haka nan.

Kada a yi amfani da alamar zance don ƙarfafa kalma. Wanda ya rubuta "original" parts a allon shagonsa da alamar zance ya gaya wa mai jin Turanci cewa kayan jabu ne, domin alamar a irin wannan wuri gatse take nunawa.

Mataki na 7: Karan ɗori

Idan kalmomi biyu ko fiye suka haɗu suka zama sifa ɗaya a gaban suna, ana ɗaure su: a well-known writer, a five-year-old boy, a two-hour meeting. Idan suka koma bayan suna, yawanci karan na faɗuwa: the boy is five years old. Ka lura year ba ta ɗaukar s a cikin ɗaurin. Kalmar da ta ƙare da ly, irin su highly a "a highly paid job", ba ta buƙatar kara. Lambobi masu kalma biyu daga twenty-one zuwa ninety-nine duk da kara ake rubuta su. Wani lokaci shi ke riƙe da ma'anar baki ɗaya: re-sign sake sa hannu ne a kwantiragi, resign kuwa ajiye aiki.

Mataki na 8: Tazara da manyan haruffa

Aya, waƙafi, ruwa biyu da alamar tambaya duk suna manne da kalmar da ke gabansu, tazara ɗaya na biyo bayansu. "Hello ,how are you ?" ya juya ƙa'idar sau biyu. Barin fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu ɗabi'ar Faransanci ce, daidai ce a can, kuskure ce a Turanci. Tazara biyu bayan aya gadon zamanin tafireta ne, lokacin da kowane harafi ke cin faɗi ɗaya, yanzu ɗaya ake so. Baka biyu na da fili ta waje, ba ta da shi ta ciki.

Babban harafi na buɗe kowace jimla, da sunayen mutane, ƙasashe, harsuna, ranaku da watanni, kuma I kullum babba ce ko a tsakiyar jimla. Lokutan shekara irin su summer da winter ƙananan haruffa ne, haka ma kalmar da ta biyo bayan waƙafi ko waƙafi mai ruwa, sai in suna ne na musamman.

Wannan mataki ba sai da ido ba. A kwamfuta danna Ctrl da F, ka buga tazara da waƙafi ka nema, sannan tazara da aya, sannan tazara biyu a jere. Daga nan ka nemi it's da however, ka duba kowace ɗaya da gwajin da ke mataki na 1 da na 3. Manhajar gyaran rubutu tana kama tazara da ƙaramin harafi, amma ba za ta san ko duka ma'aikatan aka biya ko wasunsu ba, wannan waƙafin kai ne za ka yanke hukuncinsa.