Yadda Ake Wanke Doki da Yi Masa Kwalliya Kafin Hawan Sallah

Duk shekara sai ka ga saurayi ya zuba kuɗi a kan sirdi da jalala (shimfiɗar adon sirdi) da linzami, amma ranar Hawan Daushe dokinsa na barga da miki a gadon baya. A Kano ba fita ɗaya ake yi ba. Akwai hawan Idi, washegari Daushe, sannan Nasarawa, sai Ɗorayi a ƙaramar sallah ko Fanisau a babba. Dokin da aka ɓata wa fata tun ranar farko ba zai kai ƙarshe ba, kuma yawancin ɓarnar a wurin wanka ake yin ta.

Sheƙin gashi daga ciki yake fitowa. In ƙaramar sallah ce, tun farkon azumi za ka ba shi maganin tsutsar ciki, ka ƙara masa harawa da dusa, ka cire masa kaska, ka riƙa bin sa da buroshi safe da yamma. Buroshin ne ke baza maiƙon da fatar take yi da kanta, kuma babu man kanti da ya kai shi. Gyaran kofato a yi shi kamar kwana goma kafin hawa, domin in an yanke ya yi zurfi, dokin zai samu lokacin da ɗingishin zai wuce.

Akawal (baƙin doki) da bikili (ja mai duhu) ka wanke su saura kwana biyu, don maiƙon jikinsu ya dawo. Kili, wato farin doki, sai ranar jajiberi, in ba haka ba zai kwanta a kashinsa ya mayar da kai baya. Da hantsi ake wankan, ba da yamma ba.

Garin sabulun wankin kaya haramun ne a jikin doki a wajena. Yana kumfa sosai, shi ya sa yara ke son sa, amma yana bar wa fata kaushi da amosani. Shamfun dawaki na da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Shamfun jarirai ko sabulun salo sun wadatar. Ka narka shi a bokiti, kar ka goga sabulun kai tsaye a jiki. Ka fara jiƙa ƙafafu ka hau sama. Fuska tsumma da ruwa zalla kawai, kuma kar ruwa ya shiga kunne.

Ɗauraya ita ce inda ake faɗuwa. Mutum ya gaji, ruwan da ya saya wurin mai garuwa ya kusa ƙarewa, ya ga kumfa ta ɓace, sai ya ce an gama. Ba a gama ba. Sabulun ya shige ƙarƙashin gashi ya bushe a can. Ranar hawa aka ɗora jalala da sirdi, aka ja majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, aka tsaya awanni cikin rana, gumi ya sake jiƙa shi, kayan suna gogar wurin. Da yamma in ka sauke sirdi za ka tarar gashi ya tuje, fata ta yi ja, wani lokacin har ta saɓule. Don haka in bokiti ɗaya ka yi sabi da shi, ka tanadi huɗu na ɗauraya tun kafin ka fara. Wuraren da sabulu ke laɓewa su ne gadon baya, ƙarƙashin ciki inda majayi ke bi, bayan hammata, gindin geza, gindin wutsiya da tsakanin cinyoyi. Ka sa gefen tafin hannunka ka matso ruwan daga gashin. In ka ji santsi, ko ruwan ya fito fari-fari, ƙara zubawa. Gashin da ya ɗauru yana ɗan cije hannu. Wanda aka bar wa sabulu a gindin wutsiya kuwa, kwana zai yi yana sosawa a bango, da safe ka ga gashin ya kakkarye.

Kar ka sake shi da jiƙa, birgima zai yi. Ka zaga da shi har ya bushe.

Wutsiya da yatsa ake warware ta, daga ƙasa ana hawa sama, da ɗan mai a hannu, kana tsaye a gefe ba a bayansa ba. Duk silin da mataji ya tsinke sai ya daɗe kafin ya dawo da tsawonsa. In za ka kitse ta ta kwana, ka fara daga inda ƙashin ya ƙare, kuma kar ka ɗaure roba a kan ƙashin, tana hana jini gudu. Mai son jan lalle a jelar kili ya sa ganyen lalle na gaske saura kwana uku. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fata. Bula ɗan tsinke a ruwan ɗauraya na ƙarshe tana ƙara wa fari haske, in ta yi yawa dokin zai fito shuɗi.

Safiyar sallah ba wanka. Ɗigon man kaɗanya ko man zaitun a tsumma, ka shafi wuya da ƙirji da cinyoyi, sannan ka bi da busasshen tsumma. Gadon baya da wurin majayi ko ɗigo kar ya taɓa, sirdi zai zame maka a tsakiyar sukuwa. Mai in ya yi yawa ƙura yake kamawa, kuma dokin da hancinsa fari ne rana za ta ƙona shi in ka lafta masa. Fararen ƙafafu a sa musu hoda. Kofato man kaɗanya ya isa, baƙin man mota ba na jikin dabba ba ne. Dogayen gashin baki da na gefen ido ka bar masa abinsa, da su yake jin abin da ke kusa da fuskarsa. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ma ta hana aske su tun 2021. Duk sabon mai ko shamfu, ka gwada a ɗan wuri a wuya mako guda kafin nan.

In kun dawo, sauke kaya, wanke gumin baya da ruwa zalla, ka shafa wurin da hannu ko akwai zafi ko kumburi, sannan ka shanya jalalar ta bushe kafin fitar gobe.