Kabewar akon a obin: inda ake yawan kuskurewa

Da kaka ta kama a Amurka, daga Satumba har bikin Godiya da ake yi ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, shaguna kan cika da kabewa iri-iri. A cikinsu akwai wata 'yar ƙarama, koriya mai duhu, jikinta gurbi-gurbi, da ƙyar takan wuce kilo ɗaya. Ita suke kira akon. 'Yar asalin nahiyar ce, mutanen farko na ƙasar sun daɗe suna noma danginta tare da masara da wake.

Ranar da na fara sayenta, sai na yi mata irin yadda muke wa kabewar miyar taushe: na zauna ina fama da fera, na yanyanka, na zuba a ruwa. Abin da ya fito lami, ya jiƙe sharkaf, ko yara ba su kalle shi ba. Wannan shi ne babban kuskure, 'yar'uwa. Akon ba ta son ruwa. Zaƙinta kaɗan ne, kuma busasshen zafi ne ke fito da shi. Kada ki fere ta, ɓawon shi ne kwanonta. Ki raba ta biyu, ki kwashe 'ya'yan da zaren da cokali, ki gasa.

Wajen rabawar ma ana jin ciwo, domin tana da tauri kuma tana mirginawa. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katako, ki sa babbar wuƙa a cikin gurbi ɗaya ki bi shi. Kada ki ce sai kin tsaga ƙututturen kan. Idan wuƙa ta zagaya, ki ɓalle da hannu.

Tun a shago wasu ke yin asara. Wadda ɓawonta ke sheƙi an tsinke ta ba ta ƙosa ba. Wadda ta koma ruwan lemo gaba ɗaya ta tsufa, cikinta zai yi zare. Ki nemi mai nauyi a hannu, ɓawo dusu-dusu, da ɗan tabon ruwan lemo a gefen da ya kwanta a ƙasa. A gida ki ajiye ta wuri mai sanyi-sanyi, ba cikin firij ba, ki kuma ci cikin wata ɗaya ko biyu.

Sai maganar wuta. Littafin girki zai ce digiri 200 a ma'aunin Salsiyas, amma obin ɗin Amurka da ma'aunin Faranhait yake ƙirga, don haka 400 za ki sa. Na san wadda ta sa 200 ta jira har la'asar, kabewa tana nan ɗanya. Ki bar obin ya yi zafi tukuna, ki shafa mai da gishiri, ki kife ta a kan tire, yankakken gefen na kallon ƙasa, na minti 30. Kifewar ce ke sa tururinta ya dafa cikin, bakin kuma ya yi ja.

Masu zuba sukari tun farko su ne ke samun baƙin ƙanzo mai ɗaci a tire. Sai kin juyo ta za ki ɗan tsattsaga naman da bakin wuƙa, ki sa bota cokali ɗaya a kowane rami, da cokali ɗaya na jan sukari ko zuma. Mutanen Amurka ruwan zaƙin itacen mapul suke sawa. Ni idan aka kawo min mazarƙwaila daga gida, ita nake murmusawa, da man shanu a madadin bota, ƙamshin har bakin ƙofa. Ki mayar minti 15 zuwa 25, kina ɗibar abin da ya narke kina shafe gefe.

Gishirin nan kada ki manta shi don kina neman zaƙi, in babu shi sukarin ba ya armashi. Ɗan kirfa ya isa. Ni nakan barbaɗa yaji kaɗan idan da gasasshiyar kaza za a ci.

Kada agogo ya yanke miki hukunci. Ki soka cokali mai yatsu a wurin da ya fi kauri, kusa da ƙututture. Idan ya shige ba gardama, ta yi. 'Ya'yan kuma ki wanke, ki tsane, ki gasa da gishiri kamar minti 15, a ci kamar gyaɗa.