Kurakuran da aka fi yi a tarihin Nikola Tesla

Da zarar an ɗora hoton Tesla a Facebook, sai ka ga an rubuta "wanda ya ƙirƙiro wutar lantarki". Ba shi ba ne. An haife shi a 1856 a ƙauyen Smiljan, cikin ƙasar Kuroshiya ta yanzu, alhali tun 1831 Michael Faraday ya gano yadda maganaɗisu ke samar da lantarki. Ko wutar AC, mai kai-kawo cikin waya, an san ta kafin shi. In za ka rubuta, ka ce ya ƙera injin da wutar AC ke juyawa, wanda ɗan kasuwar Amurka George Westinghouse ya karɓi haƙƙinsa a 1888.

Sai batun rikicinsa da Thomas Edison, mai ƙere-ƙere ɗan Amurka, wanda ake bayar da shi kamar dambe. Gaskiya ne ya yi wa Edison aiki na 'yan watanni bayan ya isa Amurka a 1884, suka rabu. Amma gasar ta kamfanoni ce, tsakanin Edison mai wutar DC, wadda ke tafiya gefe ɗaya cikin waya, da Westinghouse mai AC. AC ta yi rinjaye ne don taransifoma na iya ɗaga ƙarfinta a aika ta nesa ba tare da asara mai yawa ba, kamar yadda aka kai wuta daga magangarar ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo a 1896. DC kuwa ba ta mutu ba. Farantin sola da batirinka DC suke bayarwa, inbata ce ke mayar da ita AC kafin fanka ta juya.

Kamfanin motocin Tesla ba nasa ba ne. A 2003 aka kafa shi, shekara 60 bayan rasuwarsa. Hoton nan ma da yake zaune yana karatu tartsatsi na tashi a kansa, ɗauka biyu aka haɗa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne zancen cewa attajirai sun ɓoye wutar kyauta. Attajiri J.P. Morgan ya zuba dala 150,000 a hasumiyar Wardenclyffe, wadda Tesla ya gina da burin aika saƙo da wuta ba tare da waya ba, da Tesla ya nemi ƙari ya ƙi. Hasumiyar ba ta taɓa aika wuta gidan kowa ba, aka rushe ta a 1917. Tesla ya rasu a ɗakin otal a New York a 1943, hannunsa babu komai.