Yadda ake zaɓen gilan na shigar da kebul cikin akwatin lantarki

Akwatin da aka sayo da lambar IP66, wato shaidar kariya daga ƙura da ruwa, yana rasa wannan darajar ne a ranar da aka huda shi. Daga nan sai abin da gilan, wato abin da ke riƙe kebul a ramin yana toshe shi, ya iya tsarewa. Idan gilan ɗin na cikin ɗaki ne, to akwatin ma ya koma na cikin ɗaki, komai tsadarsa.

Fara da awon kebul, kuma da banniya (ma'aunin kauri), ba da ido ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a je shago a ce "ba ni gilan na kebul mai 16mm²". Wannan lambar kaurin wayar ciki ce. Gilan kuwa bayan kebul yake kamawa, kuma kebul biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban sukan bambanta a kauri. Gilan roba na M20 (lambar girman murɗin gindinsa) yawanci yana riƙe daga milimita 6 zuwa 12, saboda haka kebul mai milimita 9 ya zauna daidai. Mai 6 ko 12 yana bakin iyaka, gara a sauya lamba. Kada a naɗa tef don a ƙara wa siririn kebul kauri: zafi na narkar da gam ɗin, ruwa ya bi ta nan.

Kebul mai sulke, wato wanda wayoyin ƙarfe suka kewaye don kariya, awo biyu yake so: kaurin waje da kaurin rigar ciki da ke ƙarƙashin sulken. Gilan ɗinsa na tagulla ne, kuma haruffan da ke jikinsa suna da ma'ana. BW na busasshen wuri ne, ba ya da robar toshewa. CW yana matse rigar waje, shi ake sa wa a fili. E1W yana toshe ciki da waje. A2 na kebul ne marar sulke. Ƙurar hunturu ko ta injin casar shinkafa ta isa dalilin barin BW ko da rufi a sama.

Sulken nan hanyar as ce, wato hanyar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, don haka haɗinsa ba wasa ba ne. A yanke wayoyinsa tsawo ɗaya, a baje su kan mazugin gilan ba tare da wata ta hau wata ba, sannan a ɗaure zoben da sifana biyu, ɗaya na riƙe jikin. Bayan an gama, ja kebul ɗin da hannu. In ya motsa, a kwance a sake. Fentin akwati yana hana wuta wucewa, shi ya sa ake sa wosha mai haƙora da kunnen as a ƙarƙashin noti, a ja waya daga kunnen zuwa sandar as.

Sai murɗin gindin gilan. M20 yana son rami mai kusan milimita 20.5, M25 kuma 25.5. Tsofaffin injinan Jamus sukan zo da murɗi irin PG, na Amurka da NPT wanda bakinsa ke tsukewa. PG13.5 da M20 kamar tagwaye suke a ido, amma in ka tilasta ɗaya a mazaunin ɗaya, zai shiga zagaye biyu ya cije. Akwai mahaɗi na sauya wannan zuwa wancan. Wosha ta roba tana zama tsakanin gilan da bangon akwati daga waje. Ita ce ake yawan mantawa a cikin leda.

Inda aka fi yin asara shi ne manyan kebul masu cibiya ɗaya, wato layin wuta ɗaya tak a cikin kowane kebul. Idan kowane layi ya shiga ta raminsa a farantin ƙarfe, maganaɗisun wutar zai riƙa zagaya ramin, farantin ya yi zafin da hannu ba zai taɓu ba, rigar kebul ta gasu a hankali. Maganinsa farantin alminiyom ko tagulla, ko a tsaga ƙarfen tsakanin ramukan. Sulken irin wannan kebul na alminiyom ne, gilan ɗinsa ma haka.

Tagulla tsirara a jikin akwatin alminiyom, in da laima, tana cinye shi. A nemi wadda aka yi wa rufin nikel. Wurin sinadarai ko iskar teku sai ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Kebul mai raga da ke tafiya daga na'urar sauya gudun injin lantarki (mota) yana buƙatar gilan EMC, mai kama ragar a duk kewayenta. A gidan mai da ma'ajiyar gas kuwa ba a kintace: sai gilan mai shaidar kariya daga fashewa, ATEX ko IECEx, da ya dace da nau'in kariyar akwatin, Ex d ko Ex e.

Shiga ta ƙasan akwati duk lokacin da hali ya yi. In dole ta gefe ce, a lanƙwasa kebul ƙasa kafin bakin gilan domin ruwa ya ɗiga a can. A bar tazarar da sifana za ta juya tsakanin ramuka, a ɗaure kebul da maƙali kusa da akwati don kada nauyinsa ya rataya a gilan. Ramin da ba a yi amfani da shi ba a rufe shi da marfi mai lambar IP daidai da ta akwatin, domin ta nan ƙadangare ke shiga ya kwanta kan sandunan wuta.