Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin Littafi Mai Tsarki

Na gaji da jin an tsinke aya guda daga surarta an ɗora mata kayan da ba nata ba. A taron addu'a, a Zumuntar Mata, a ajin matasa, ko'ina a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, kuskuren nan ne kan gaba.

Ɗauki Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce yana da shirin alheri domin jama'arsa. Sai a karanta wa magidanci ita a ce bana shekararsa ce, ya buɗe rumbu ya sayar da geron da zai kai iyalinsa damina, ya zuba kuɗin a harkar da bai sani ba. Haba jama'a! Wasiƙa ce fa Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila. Aya ta 10 ta ce sai shekara 70 ta cika kafin su koma gida. Daga aya ta 5 zuwa 7 an ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke baƙunta, su yi masa addu'a. Wanda ya yi musu albishir ɗin shekara 2 kacal shi ne Hananiya a sura ta 28, annabin ƙarya, kuma a shekarar ya mutu. Mai wa'azin da ya mayar da wannan aya alkawarin arzikin gaggawa, bakin Hananiya ya ara. Alhali ga darasi a fili domin Kiristan da ke zaune cikin maƙwabta Musulmi: ka yi nomanka, ka roƙa wa garinku alheri.

Haka ake yi wa Filibiyawa 4:13, mai cewa "zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni". Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, kuma aya ta 11 da 12 zancen ƙoshi da yunwa suke yi, da wadar zuci. Aya ce ta watan da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Ni dai dokata ita ce, kada ka buɗe baki kan aya sai ka karanta surar duka sau biyu, da ƙarfi. Sannan ka rubuta amsar tambaya uku a littafin rubutu: wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru kafin nan? Gajeriyar wasiƙa irin Filibiyawa, sura 4 ce, ka karance ta a zama ɗaya. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari sai a 1551 aka sa su, Bulus bai san da su ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi: a tashi nazari da "Allah ya ba mu ikon aikatawa", ba wanda ya faɗi abin da zai aikata. An karanta Yakubu 5:4 kan ladan ma'aikatan gona da aka danne, kowa ya ce amin, ga ɗan ƙwadagon da ya yi maka noman firi yana ta sintiri a ƙofar gidanka kwana goma. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi. Kafin a rufe da addu'a, kowa ya ambaci abu ɗaya, da mutumin da ya shafa, da ranar da zai yi. Mako mai zuwa a tambaye shi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka rufe ido ka buɗe Littafi ka ɗora yatsa, wannan duba ne. Kada ka ɗauki maganar abokan Ayuba a matsayin koyarwa, domin a 42:7 Allah ya tsawata musu. Mai waya kuma, kafin ka tura ayar da aka aiko maka a WhatsApp, buɗe surar ka duba.